Kwamfutarka ta ƙi tashi? Bi ta a hankali kafin ka kai ta shago

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta yi yawa wallahi, kusan duk sati sai wani ya turo min hoton sikirin ɗin laftof ɗinsa ko ya tare ni bayan sallar isha'i a nan Jidda yana cewa malam tawa ta ƙi tashi ya zan yi. Ɗalibanmu na Madina da na Ummul Ƙura su ma haka, musamman in lokacin miƙa bahasi ya matso, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ni kaina nake bi in an kawo min, daga farko har ƙarshe.

Roƙona ɗaya kafin mu fara, dan Allah kar ka yarda a yi mata fomat da farko. Bara wani ƙaninmu da ke rubuta risalar majistir ya kai tasa wani shago, mai shagon ko tambayarsa bai yi ba ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, ya goge komai ya ɗora sabon Windows ya karɓi kuɗinsa, aikin wata takwas ya tafi. Na same shi zaune a matakalar gidansu ya haɗa kai da gwiwa, laftof ɗin na kan cinyarsa tana aiki lafiya lau amma babu komai a ciki. Da ya ba ni labarin rubutun da take nunawa kafin a goge, matsalar ba ta fi ta minti ashirin ba. Har yau abin yana min ciwo.

Kayan da za ka tanada: ƙaramin sukundireba mai kan sita, magogin fensir, burushi mai laushi, wayar HDMI da talabijin ɗin gida, filashi guda biyu in da hali (ɗaya na kwashe fayil, ɗaya wanda babu komai a cikinsa mai aƙalla 8GB), da wayarka don haska tocila da ɗaukar hoto. Filashi mai 32GB ba ya wuce riyal 20 zuwa 30 a abin da na saba saye.

1. Fara gane wace irin ƙin tashi ce

Mutane suna cewa "ta mutu" alhali abu huɗu ne daban, kuma kowanne da hanyarsa. Danna maɓallin kunnawa ka kasa kunne ka zuba ido. Ko dai babu komai sam, ba fitila ba ƙarar fanka, to wannan maganar wuta ce, mataki na 2 da na 3 naka ne. Ko fitila ta kama fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, ka yi na 3 sannan ka wuce na 4 da na 5. Ko tambarin kamfanin ya fito, HP ko Dell ko Lenovo, sai wani rubutu fari ya biyo baya ta tsaya, wannan na 6. Ko kuma Windows ya fara tashi, ƙwallayen nan suna ta zagayawa ba iyaka, ko ta kawo shuɗin sikirin ta sake kunna kanta, daga na 7 za ka kama.

Duk rubutun da ya fito ka ɗauki hotonsa nan take, yana iya ɓacewa cikin daƙiƙa biyu. Sannan ka tuno abin da ya faru na ƙarshe, faɗuwa ta yi, shayi ne ya zube, sabuntawar Windows ce aka katse, ko a mota ka bar ta tun azahar har la'asar.

Gargaɗi: in ruwa ko shayi ne ya shiga, kar ka danna maɓallin ko sau ɗaya "don ka gwada". Cire caja, kife ta, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya busar. Gwajin nan ne yake ƙona madabod, wato babban farantin da komai ke jone a kansa a ciki, ba ruwan kaɗai ba.

2. Wuta da caja

Kar ka raina wannan matakin, rabin waɗanda ake kawo min a nan suke ƙarewa. Cire cajar daga jona mai baki da yawa ɗin nan ka sa ta kai tsaye a bango, a soket ɗin da ka tabbata yana aiki, gwada shi da cajar waya. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a nan yana da fis a cikinsa, yana iya ƙonewa alhali cajar lafiyarta ƙalau, canza wayar da ke shiga cikin tubalin cajar ka gani. Bi wayar da yatsa tun daga tubalin har bakinta, inda take lanƙwasawa a nan take karyewa daga ciki. Cajar Dell da ta HP masu zagayen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, in ta lanƙwashe ko ta karye kwamfutar ba za ta gane cajar ba. Wasu cajojin Dell kuma suna da 'yar fitila, in tana ci sai ta mutu da zarar ka jona a laftof, to matsalar a cikin laftof ɗin take, akwai inda wuta ke haɗuwa, daina jonawa.

In za ka ari caja ka gwada, karanta ƙaramin rubutun da ke jikinta. Yawancin HP da Dell 19.5V ne, Lenovo 20V, kuma wat ɗin ya kai na taka ko ya fi, wato in taka 65W ce kar ka sa ran 45W ta tada ta in batirin ya ƙare ƙaf. Bar ta a jone minti talatin kafin ka yanke hukunci. In sabuwa za ka saya ka sayi ta asali ko da ta kai riyal 100 da wani abu, ta riyal 40 ɗin nan na sha ganin ta kashe batir.

Ga wani abu da ya shafe mu nan Saudiyya musamman. Tsofaffin gidaje da yawa har yanzu akwai soket mai 127 akwai mai 220 a gida ɗaya, wani lokacin ma a ɗaki ɗaya. Cajar laftof ba ruwanta, an rubuta mata 100 zuwa 240. Amma tsohuwar kwamfutar tebur, irin wadda ake samowa a Haraj, kasuwar kayan hannu, tana iya zuwa da wani ɗan jan makunni a bayanta kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 115 da 230. In yana kan 230 ka jona a 127, ba za ta tashi ba ko ta riƙa tashi tana mutuwa. In yana kan 115 ka jona a 220 kuwa, ƙara za ka ji da hayaƙi. Don haka in gida ka sake sannan ta ƙi tashi, nan za ka fara dubawa, kuma ka duba makunnin 0 da 1 da ke wajen yana kan 1.

Gargaɗi: akwatin wutar kwamfutar tebur ba a buɗe shi, ko an cire daga bango yana riƙe wutar da za ta iya illata mutum. In ya lalace canza shi ake yi gaba ɗaya.

3. Cire komai, ka zubar da ragowar wuta

Cire filashi, firinta, linzami, katin memori, had disk na waje, duk abin da ke maƙale. Cire caja. In batirin mai fita ne cire shi. Sai ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 30 cif, ƙirga da bakinka kar ka yi sauri. Bayan haka jona caja kaɗai ba batir ka kunna. In ta tashi a haka, ka mayar da batir ta sake ƙi, ka gano ɓarawon, batirin ne. In batirinta na ciki ne wanda ba ya fita, riƙe maɓallin haka nan, wasu Lenovo da Acer ma suna da wani ɗan rami a ƙasansu da ake sa allura a danna don wannan aikin.

Kana juya ta ka duba ko ta kumbura. In wajen da kake goga yatsa ya ɗago sama, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura, kuma zafin ƙasar nan shi ne babban dalili, musamman masu barin ta a mota lokacin bazara. Kar ka matsa shi, kar ka huda shi, kar ka ƙara jona caja, a canza shi kawai.

4. Tana ci amma sikirin baƙi

Danna Caps Lock ka ga ko 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. In tana amsawa, kwamfutar da ranta, hoton ne ba ya isowa. Kashe fitilar ɗaki ka haska tocilar waya a kan sikirin ɗin daga gefe, ka matso sosai. In ka hango inuwar rubutu ko tambari dishi-dishi, hasken bayan sikirin ne ya mutu ko wayarsa ta saki, fayilolinka suna nan ba abin da ya same su. Jona HDMI a talabijin, ka zaɓi lambar HDMI daidai da rimot, in bai fito ba danna madannin Windows tare da P, sannan kibiyar ƙasa da Enter. In Windows ya riga ya tashi ne hoton ya maƙale, Windows da Ctrl da Shift da B tare suna sake tada direban hoto, za ka ji 'yar ƙara.

Masu Dell akwai gwaji mai sauƙi, kashe ta, riƙe harafin D ka danna kunnawa, in sikirin ya riƙa canza launi ja kore shuɗi fari, to shi lafiyarsa ƙalau.

In kuma fitila ce ke ƙiftawa da wani tsari, ko tana kuka ƙit ƙit, ƙirga, magana take maka. A Dell na zamanin nan fitilar batir tana yin ruwan lemo sannan fari: lemo 2 fari 3 ba ta ga ram ba, lemo 3 fari 1 batirin agogo ne, lemo 2 fari 7 sikirin ne (ram da batirin agogo za mu zo kansu a mataki na 5). HP da fitilar Caps Lock take yi, amma tsarinta ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, rubuta sunan samfurin da adadin ƙiftawar a shafin kamfanin za ka samu.

5. Ram da batirin agogo

Gargaɗi tukuna: in sabuwa ce ka saya da fatura, wato rasit, tsaya, kar ka kwance ko noti ɗaya. Dokar Ma'aikatar Kasuwanci ta nan ta wajabta daman, wato garanti, na shekara biyu a kan sababbin kayan lantarki, nemo faturarka ka kai wa wakilin kamfanin. Buɗewa na iya ba su hujjar ƙin karɓa.

In daman ya ƙare ko ta hannu ce, bismillah. Cire caja, kwance murfin ƙasa, ka jera notin a kan takarda yadda suke a jiki don ba tsawonsu ɗaya ba, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda wani abu. Abu na farko da za ka cire shi ne wayar batir daga madabod, da farce ba da ƙarfe ba. Taɓa wani ƙarfe ka sauke wutar jikinka, kuma kar ka yi aikin a kan kafet ko bargo.

Ram ɗin ɗan faranti ne mai tsawo da ƙarafa biyu suka riƙe ta gefe, ka buɗa su waje zai ɗago da kansa, zare shi ta gefuna. Goge haƙoran nan masu ruwan zinare da magogin fensir a hankali, kaɗe ɓurɓushin da burushi, ka mayar a karkace har ya zauna sosai sannan ka danna ƙasa ka ji ƙas. Danshin tekun Jidda da ƙura suna sa haƙoran nan su dushe, na tada kwamfutoci da yawa da magogin riyal ɗaya wallahi. In guda biyu ne gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kowane rami. In saya za ka yi ka tafi da tsohon a aljihu, DDR3 da DDR4 da DDR5 tsagarsu ba waje ɗaya take ba kuma ba sa shiga ramin juna, kar ka tilasta. Wasu siraran laftof ɗin ram ɗinsu a manne yake da madabod, in ba ka ga abin cirewa ba rufe kawai.

Batirin agogo kuma ɗan zagaye ne kamar kwabo, CR2032 mai 3V, a kwamfutar tebur a fili yake, a laftof sau da yawa an naɗe shi da leda da 'yar waya. Alamarsa ita ce kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da ka kunna, HP ma tana rubuta CMOS 502. Kuɗinsa bai fi riyal 5 zuwa 10 ba. Bayan ka canza ko ka taɓa ram, tashin farko yana ɗaukar lokaci, tana iya kunna kanta sau biyu ko uku, ba ta minti biyu kar ka katse ta.

6. Tambari ya fito amma ta ce ba ta ga abin tashi ba

Rubutun yakan zama No bootable device, ko Operating System not found, ko Reboot and select proper boot device, a HP kuma Boot Device Not Found da lamba 3F0. Tabbatar ba filashi a jiki, sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake buɗewa kafin Windows ya tashi. Da zarar ka danna kunnawa ka riƙa bubbuga madannin, kar ka jira tambari: HP F10, Dell da Acer da Asus F2, Lenovo F1 a ThinkPad F2 a IdeaPad, kwamfutar tebur yawanci Del. A wasu sai ka haɗa da Fn.

Tambaya ɗaya muke nema a nan, tana ganin disk ɗin ko ba ta gani. Nemo inda aka jera bayanan na'ura ko jerin Boot. In sunansa ya fito, alhamdulillah, tabbatar Windows Boot Manager ne a sama, gyara kwanan wata, ka ajiye ka fita. In bai fito ba kashe ta ka buɗe ka zare disk ɗin ka mayar, musamman in faɗuwa ta yi. Sannan ka yi gwajin da kamfanin ya sa a ciki kyauta, a HP danna Esc sannan F2, a Dell F12 ka zaɓi Diagnostics. In gwajin disk ya faɗi ɗauki hoton lambar.

Gargaɗi: ɗauki hoton kowane shafi kafin ka canza wani abu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya juya saitin da ke kan UEFI zuwa Legacy, ko AHCI zuwa RAID, saboda ya gani a bidiyo. Windows a kan wanda aka ɗora shi yake tashi, in ka juya sai ya ƙi tashi ko ya kawo INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Haka kuma in batirin agogo ya mutu saitin nan yana iya juyawa da kansa, sai ka gwada ɗayan, in bai yi ba ka mayar yadda ka samu.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan ya fi: in kana jin had disk yana ƙas ƙas ƙas kamar agogon bango, kashe ta yanzu. Duk kunnawa ƙara kankare shi take. Kar ka buga shi, kar ka sa shi a firiza kamar yadda wasu ke faɗa, kai wa masu dawo da bayanai.

7. Kwashe kayanka kafin kowane gyara

In Windows ne ke maƙalewa, za mu shiga ɗakin gyaransa. Kunna, da ka ga ƙwallayen sun fara zagayawa riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, a na gaba za ta rubuta Preparing Automatic Repair, bar ta ta gama, sai ka zaɓi Advanced options sannan Troubleshoot, ka sake zaɓar Advanced options a ciki. Da yawa daga kwamfutocin da ake saya a nan da Larabci suke zuwa, a nan za ka ga khiyarat mutaƙaddima, sannan istikshaful akhɗa'i wa islahuha, abu ɗaya ne.

Tana iya tsayar da kai da shuɗin shafi tana neman mabuɗin BitLocker, lamba 48 ce. Mutane da yawa ba su ma san an kulle musu disk ba, sababbin laftof suna yin haka da kansu in ka shiga da asusun Microsoft. Ɗauki wayarka ka buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey ka shiga da imel ɗin da aka saita kwamfutar da shi, in na jami'a ne ko na wajen aiki sai ka tuntuɓi sashen kwamfutarsu. In wani ne ya saita maka da imel ɗinsa, shi za ka nema. Ba mai gyaran da zai buɗe maka disk ɗin nan in babu lambar, duk wanda ya ce zai iya goge shi zai yi.

Yanzu dabarar da na fi so. Jona filashin kwashe kaya, zaɓi Command Prompt, rubuta notepad ka danna Enter. A cikin Notepad danna File sannan Open, a ƙasa ka canza nau'in fayil zuwa All Files. Ga shi nan ka samu taga kamar ta kullum, shiga This PC, nemo disk ɗin da ke da Users, shiga sunanka, danna dama a kan Documents ko Desktop ka yi Copy, ka koma filashi ka yi Paste. Ba za ta nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, za ta yi kamar ta daskare, yi haƙuri ka bar ta, in filashin na da fitila ka ga tana ƙiftawa to aiki take. Fara da risala da takardun iƙama da hotunan iyali, fina-finai da karatuttukan da za ka iya sake saukewa su zo daga baya. Kuma ka buɗe filashin a wata kwamfutar ka tabbata sun shiga.

In ko nan ba ta kai ba, cire disk ɗin ka sa shi a 'yar akwatin nan ta USB, wajen riyal 30 zuwa 60, ka jona a kwamfutar ɗan uwa ka kwashe. Tafi da disk ɗin shagon don akwatin SATA daban, ta NVMe daban.

8. Gyaran Windows, daga mai sauƙi

Fara da Startup Repair, ka bar shi ya gama. In bai yi ba kuma matsalar bayan sabuntawa ta fara, zaɓi Uninstall Updates ka cire latest quality update. Sai System Restore in akwai ranar da aka ajiye, ba ya taɓa takardunka, manhajojin da ka sa bayan ranar kawai yake cirewa. Sai Startup Settings, Restart, ka danna 4 don Safe Mode ko 5 in kana son intanet. In ta tashi a Safe Mode labari mai daɗi ne, wani direba ne ko wata manhaja da ka sa kwanan nan, cire ta. Duba kuma ko disk C ya cika maƙil ya yi ja, shi ma yana hana tashi.

In duk ba su yi ba koma Command Prompt. A nan harafin disk yana canzawa, Windows ɗinka yana iya zama a D maimakon C, rubuta dir C: ka gani ko akwai Windows da Users, in babu gwada dir D:. In C ne, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, in D ne kuma ka sa D duk inda na rubuta C:

chkdsk C: /f

sfc /scannow /offbootdir=C:\ /offwindir=C:\Windows

bcdboot C:\Windows

Na farko yana gyara tsarin fayil, na biyu yana gyara fayilolin Windows da suka lalace, na uku yana sake rubuta hanyar tashi. Za ka ga ana yawan ba da bootrec /fixboot, a sababbin kwamfutoci masu UEFI yakan ce Access is denied, kar ka tsorata, bcdboot ya wadatar a mafi yawan lokuta.

Gargaɗi: kar ka yi chkdsk a kan disk ɗin da gwaji ya ce yana mutuwa ko wanda ba ka kwashe kayansa ba. Kuma in wani bidiyo ya kai ka cikin diskpart ya ce ka rubuta clean, tsaya cak, kalmar nan guda ɗaya tana share duk rabe-raben disk ɗin ba tare da ta tambaye ka ba.

9. Filashin Windows

In ɗakin gyaran ma ya ƙi buɗewa, je kwamfutar wani ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kansa, kyauta ne, ka sa filashin nan da babu komai don zai goge shi. Jona a taka, kira jerin tashi, HP F9, Dell da Lenovo da Acer F12, laftof ɗin Asus Esc, ka zaɓi filashin. A shafin harshe zaɓi kibod na US, in ka bar shi a Larabci umarnin da za ka rubuta da haruffan Larabci za su fito. Kar ka danna Install, nemo zaɓin Repair, zai kai ka wajen da muka yi mataki na 7 da na 8.

Sai duk wannan ya gaza, kuma kayanka na hannunka ka gani da idonka, sannan a yi maganar Reset this PC da zaɓin Keep my files, ko ɗora sabo. In disk ɗin ne ya mutu sa SSD, wato disk na zamani mai sauri, ko mai 256GB ne za ka ji kamar sabuwar kwamfuta ka saya, farashinsa yana hawa yana sauka sai ka tambayi shago biyu ko uku. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, in na'urarka na da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata) kuma ta cika sauran sharuɗɗan ka ɗora 11.

10. Wadda ke tashi ta mutu bayan 'yan mintuna

Wannan yawanci zafi ne. Sa hannu a bakin da iska ke fita, in fanka na ihu amma iskar ba ta fitowa, ƙura ta toshe, in ka buɗe za ka tarar da ita ta dunƙule kamar audugar katifa tsakanin fanka da ƙarafan sanyaya. HP tana rubuta 90B in fankar ta tsaya. Riƙe fankar da yatsa kar ta juya, ka share da burushi ka busa. In ta shekara uku ko huɗu ba a taɓa ba a canza mata man sanyaya na kan furosesa. A daina ɗora ta a kan katifa da kafet ɗin majalisa, a samo ko faranti ne a sa a ƙasa. In kuma daga ɗaki mai sanyin mukayyif, wato AC, ka fito da ita cikin danshin waje ka ga ta yi gumi, bar ta ta bushe kafin ka kunna.

11. In dole sai shago

In ka bi duk wannan ba fitila ba motsi, ko kana jin ƙauri, to madabod ne, aikin mai mita da na'urar narka dalma ne. A Jidda shagunan kwamfuta sun fi yawa a titin Khalid bin Walid, a Riyad kuma Ulayya. In za ka iya cire disk ɗinka ka bar shi a gida, gyaran madabod ba ya buƙatarsa don a ga ta kama wuta ta kawo tambari. In ba zai ciru ba ka faɗa masa ƙarara ba ka yarda da fomat ba, a rubuta a takardar karɓa tare da lambar siriyal ɗin na'urar, girman ram da girman disk, ka ɗauki hoton takardar. Ku yi maganar kuɗin dubawa tun kafin ka ajiye, kuma ya kira ka kafin ya canza wani abu, duk abin da aka cire a ba ka tsohon. Nuna masa hotunan rubutun da ka ɗauka ka gaya masa matakan da ka riga ka bi. In kuɗin gyaran ya haura rabin kuɗin irinta ta hannu a Haraj, ni shawarata ka karɓi abarka, ka zare disk da ram ka ajiye, ka sa kuɗin a wata. In kuma sabuwa ce wakili ya ƙi mutunta daman ɗin, lambar ƙorafin Ma'aikatar Kasuwanci 1900 ce, ka kira da faturarka a hannu.